Zubi da Kwasa: Sharhi a Kan Labarin Zane na Karɓa-Karɓa

1.0 GABATARWA

Tun da aka fara nazarin adabin Hausa a jami'o'inmu, an saba mai sharhi ya fara da tarihin marubuci, sa'an nan ya shiga jigo da tsari da salon sarrafa harshe. Wannan hanya ta ginu ne a kan zaton cewa kowane littafi yana da uba ɗaya, wanda za a yaba wa in aiki ya yi kyau, a kuma zarga in ya ɓaci. To, amma akwai wani irin aiki da wannan zato ba ya ɗauka, watau labarin da mutane da yawa suke yi bi da bi: wannan ya fara ya miƙa, wancan ya karɓa ya ɗora daga inda aka tsaya, har a kai ƙarshe. A fagen labarin zane wannan al'amari ya yi sauƙi ƙwarai a yau, domin shafin da aka zana a Gusau da hantsi yana iya kaiwa hannun wani mai zane a Kano ko Maraɗi kafin azahar, ta wayar hannu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nemi ma'aunin da za a auna irin wannan aiki da shi. Za mu duba abin da aka gwada a ƙasashen waje, mu gwada shi da abin da Bahaushe ya daɗe yana yi a waƙa, sa'an nan mu ga abin da zai fuskanci masu zane na ƙasar Zamfara in sun tashi yin nasu.

2.0 SIFFAR AIKIN

Labarin zane labari ne da ake bayarwa cikin jerin hotuna, kowane hoto a cikin gidansa, kamar gidajen dara, maganar mutanen labarin kuma tana cikin 'yar da'ira kusa da bakinsu. Waɗanda suka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, wadda aka tsara ta haka, sai dai da hotunan kyamara aka yi ta.

Abin lura shi ne, rabin labarin ba a zana shi. A gida na farko an ga mutum ya ɗaga sanda, a na biyu an ga tulu a fashe. Saukar sandar kuwa mai karatu ne ya yi ta a zuciyarsa. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan tazara ta tsakanin gida da gida a littafinsa Understanding Comics na 1993. In mutum ɗaya ne mai zane, ya san iyakar faɗin ramin da mai karatu zai iya tsallakewa. In kuwa hannu ya canja, ramin yakan ƙara faɗi ta fuska uku a lokaci guda: kamannin mutanen labari, da muryarsu, da inda labarin ya dosa. Duk wahalar shirya aikin karɓa-karɓa tana cikin wannan rami.

3.0 ABIN DA AKA GWADA A WAJE

3.1 A wajen 1925 wasu mawaƙa da masu zane a birnin Faris na ƙasar Faransa, cikinsu har da André Breton da Jacques Prévert da Yves Tanguy, suka ƙago wani wasa. Mutum ya yi rubutu ko zane a takarda, ya naɗe ta yadda na bayansa ba zai ga abin da ya yi ba, shi ma ya yi nasa ya naɗe. In an warware takardar sai a ga kan tsuntsu a jikin mutum, ƙafa kuma ta kujera. Abin da suke nema ke nan, watau abin mamakin da rashin shiri ke haifarwa. A hoto ɗaya wannan yana da armashi, domin ido yana ɗaukarsa gaba ɗaya.

3.2 A 1995 Art Spiegelman da R. Sikoryak suka fitar da The Narrative Corpse a Amurka, inda suka ɗora wancan wasa a kan labari. Masu zane 69 suka sa hannu, kowa ya zana gida uku, kuma ba a nuna masa kome ba sai gida ukun da ke gabanin nasa. Don kada jarumin ya ɓace a tsakanin hannuwa, sai aka yi shi ɗan mutum na 'yan layuka, irin wanda yaro kan zana da gawayi a bango. Wannan dabara ce mai kyau, ta kuma magance matsalar kamanni. Amma littafin ya fi kama da baje kolin gwanaye bisa ga labari. Mai karatu yana jin daɗin ganin hannun kowa, sai dai babu abin da ke sa ya damu da makomar jarumin, tun da duk abin da ya same shi a wannan shafi an manta da shi bayan shafi biyu. Wanda bai ga abin da ya wuce ba, yaya za a yi ya cika alkawarin da aka ɗauka a can?

3.3 Kamfanin DC ya bi wata hanya a jerin DC Challenge, mai fitowa 12, daga 1985 zuwa 1986. A nan kowane marubuci yana ganin duk abin da ya gabata, amma ƙa'ida ita ce ya bar jarumai cikin wani mawuyacin hali a ƙarshen nasa kashi, na bayansa ya san yadda zai fid da su. Sakamakon haka sai kowa ya mai da hankali ga tarkon da zai ɗana wa abokinsa. Mutane da asirai suka yi ta ƙaruwa, labari ya sarƙe, har sai da marubuta da dama suka taru a kan fitowa ta ƙarshe don su kwance abin da aka ƙulla.

3.4 Tun kafin waɗannan biyu, a 1931, ƙungiyar marubuta labaran bincike ta Ingila, wadda Agatha Christie da Dorothy L. Sayers da G. K. Chesterton suke ciki, ta fitar da The Floating Admiral. Wannan ƙagaggen labari ne ba mai zane ba, amma ƙa'idojinsa biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko, kada marubuci ya jefa wata matsala a labari sai yana da warwararta a ransa. Ta biyu, dole ya yi adalci ga duk matsalolin da na gabansa suka bari, kada ya kau da kai daga gare su. Duk da wannan tsari, da aka kai tsakiya sai da Ronald Knox ya jera tambayoyi 39 da ke neman amsa, Anthony Berkeley kuma, wanda ƙarshe ya faɗo a kansa, ya sa wa babinsa sunan da ke nufin gyaran ɓarna.

4.0 MA'AUNI: ZUBI DA KWASA

Waɗannan misalai suna nuna abu ɗaya, kuma Bahaushe yana da hoton abin a cikin adashi. A adashi kowa yana zubi, kowa kuma yana da ranar kwasa. Wanda ya yi kwasar fari bashi ya ci, zai yi ta biya har zagaye ya cika. Adashi yakan mutu ne in waɗanda suka kwasa suka daina zubi, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

Haka labarin karɓa-karɓa yake. Duk wanda ya kawo sabon mutum, ko ya rufe wani akwati bai nuna abin da ke ciki ba, ko ya bar jarumi a bakin rijiya, ya yi kwasa: ya ɗauki hankalin mai karatu bashi, bisa alkawarin za a biya shi nan gaba. Wanda kuwa ya buɗe akwatin, ya nuna dalilin zuwan baƙon, ya mai da wani ɗan abu da aka zana a baya ya zama mai amfani, shi ne ya yi zubi. Kwasa tana da daɗi, tana da sauƙi, ita ce kuma ke jawo tafi. Zubi yana bukatar mutum ya karanta aikin wani da kyau, ya ƙasƙantar da kansa ya yi masa hidima.

Alal misali, mu ƙaddara mai zane na farko ya nuna wani ɗan dako a tashar mota, fasinja ya bar masa ajiyar akwati ya ce zai dawo, rana ta faɗi bai dawo ba. A gida na biyu an nuna fasinjan yana ɗingishi. Rarraunan hannu in ya karɓa, sai ya kawo 'yan fashi su sace ɗan dakon, a shiga daji, a manta da akwati. Ƙaƙƙarfan hannu kuwa zai tambayi kansa: me ya sa aka zana ɗingishin nan? Wataƙila ya kai ɗan dakon wurin mai ɗori yana cigiya, a can a gane ko wane ne fasinjan. Na biyun nan ya biya bashi ɗaya, ya ci wani sabo daidai ƙarfin na bayansa, ya kuma sa shafin na farko ya fi yadda mai shi ya bar shi daraja.

Saboda haka tambayar da mai sharhi zai yi wa kowane hannu ita ce: nawa ya zuba, nawa ya kwasa? Da wannan ma'auni, masu The Narrative Corpse an hana su ganin littafin bashi, masu DC Challenge an umurce su da kwasa, masu The Floating Admiral kuwa sun san ƙa'ida amma ba su da uwar adashi mai ikon tsai da kwasa a kan lokaci.

5.0 ABIN DA KE GIDA

5.1 Tahamisi

Malamanmu sun gaji tahamisi daga Larabawa. Mawaƙi yakan ɗauki waƙar wani 'yar ƙwar biyu, ya ƙara ɗango uku a gaban kowane baiti, ta koma 'yar ƙwar biyar. Sanannen misali shi ne waƙar Tabbat Haƙiƙa: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, autansa Isan Kware kuma, wanda bai yi wayo ya tarar da mahaifinsa a raye ba, ya yi mata tahamisi. Hannu uku ke nan, harshe biyu, zamani daban-daban, amma mai sauraro yana jin ta waƙa ɗaya.

Dalili kuwa shi ne tsananin sharuɗɗan aikin. Mai tahamisi ba ya taɓa kalma ɗaya ta mai asali. Dole ya bi karinsa, dole ɗangoginsa uku su ɗauki amsa-amon ɗangon farko na baitin asali, kuma dole ma'anarsu ta gangara ta faɗa cikin baitin kamar don shi aka yi ta. Watau kowane baiti ya san inda zai sauka tun kafin ya tashi. Ga darasi babba ga masu zane: shafin na gaba amana ne, ba a gyara shi, ba a ƙaryata shi da cewa ashe mafarki ne jarumi ya yi. Ana auna gwanintar mai karɓa da yadda ya sa maganar wani ta ƙara haske.

Irin wannan ladabi ne ake gani a Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk watan azumi. Jalaluddin al-Mahalli ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, da Fatiha, ya rasu a 1459. Almajirinsa Jalaluddin as-Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i, yana bin sawun malaminsa har ba kowa ke gane inda hannu ya canja ba.

5.2 Jagora da 'yan amshi

Ƙasar Zamfara gidan waƙar fada ce. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, mutumin Rawayya ne ta ƙasar Bunguɗu. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi amshi a ƙarƙashin wansa Kurna a Maradun kafin ya ja tasa ƙungiya, ya kuma yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙoƙin da har yau ake saurare. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa wannan fanni hidima mai yawa, musamman a Jagoran Nazarin Waƙar Baka.

Duk wanda ya saurari Ɗanƙwairo ya san 'yan amshinsa ba maimaita gindi kaɗai suke yi ba. Jagora yakan fara ɗa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari mai tsawo kafin su koma gindi. Wannan karɓa-karɓa ce ta gaske, kuma abu biyu ne suka riƙe ta. Na farko gindin waƙa, wanda kome nisan da ɗa ya yi sai ya komo gare shi. Na biyu jagora, wanda shi ke buɗe ɗa, shi ke sanin lokacin rufe shi. Ƙari a kan haka, an zauna an shirya tun a gida, kowa ya san abin da waƙar ta dosa.

Labarin zane ma yana bukatar gindi: magana ɗaya da aka amince a kanta tun farko, wadda ke faɗin abin da jarumi yake nema da abin da zai rasa in bai samu ba. Yana kuma bukatar jagora mai riƙe da littafin bashi, wanda zai rubuta duk abin da aka buɗe ba a rufe ba, ya sa wa kowa wa'adi, ya tsallake wanda ya riƙe shafi ya yi shiru, ya kuma yi shelar cewa daga kashi kaza an rufe kwasa, saura zubi. In labari mai kashi goma sha biyu ne, bai kamata a ga sabon mutum bayan kashi na takwas ba.

6.0 MATSALAR KARIN HARSHE

Akwai wata matsala da ta fi shafar masu nazarin harshe. Mu ɗauka ƙungiya ce ta masu zane uku, ɗaya a Sabon Garin Gusau, ɗaya a Tsafe, ɗaya a Bunguɗu, suka kuma gayyato na huɗu daga Kano. Sabon Garin Gusau, kamar takwarorinsa na sauran biranen Arewa, ya bunƙasa ne da ciniki da zuwan jirgin ƙasa, wanda layinsa daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Unguwa ce ta bakuna da yawa: ga Bazamfare, ga Bakano ɗan kasuwa, ga Bayarabe da Ibo da Banufe waɗanda kowannensu ke da irin tasa Hausa. Labarin da aka kafa a nan ba zai yi gaskiya da murya ɗaya ba.

To, a ƙagaggen labari marubuci yana iya fakewa da bayani cikin daidaitacciyar Hausa. A labarin zane kuwa kusan duk rubutun da ke shafi magana ce daga bakin wani. In tsohon da ke cewa "shina tahiya" da "wanga yaro" da "shi yaz zo" a shafi na uku ya koma cewa "yana tafiya" da "wannan yaro" da "shi ne ya zo" a shafi na huɗu, an canja mutum ke nan, ko da an zana rawaninsa da gemunsa daidai. Bakin mutum yana cikin kamanninsa. Saboda haka takardar da ake raba wa masu zane, mai nuna tsawon kowane ɗan wasa da tufafinsa da tsagen fuskarsa, ya kamata ta ƙunshi bakinsa ma: ko Tsafe yake cewa ko Tsahe, fari ko hwari, yadda yake kiran matarsa, da yadda yake gaida na gaba da shi.

Ƙa'idojin rubutu da aka tattauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun daidaita haruffa da rabon kalmomi, kuma su ya kamata a bi a cikin bayanin mai ba da labari. Amma ba a yi su don a shafe Zamfarci daga bakin Bazamfare ba. Jagoran da ya bi da'irorin magana yana mai da kome Kananci da sunan gyara ya yi ɓarna daidai da wanda ya bari kowa ya rubuta yadda ya ga dama.

7.0 SUNAN WA ZA A SA?

Al'adarmu tana da rauni a nan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Muna cewa waƙar Jankiɗi, waƙar Ɗanƙwairo, alhali kuwa ƙarin da ya fi ratsa mu wataƙila daga bakin wani ɗan amshi ya fito, wanda sunansa bai shiga littafi ba. Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka biyo bayan gasar 1933, yana ɗauke da sunan John Tafida da na R. M. East, amma mai karatu ba ya iya nuna inda hannun wannan ya tsaya na wancan ya tashi. Labarin zane ya huta da wannan duhu, domin hannun kowa a fili yake. Abin da ya rage shi ne a rubuta sunan kowa a ƙasan shafinsa, a kuma yi yarjejeniya a rubuce tun kafin a ja layi na farko: wa ke da ikon bugawa, yaya za a raba abin da aka samu, kuma in wani ya fita daga ƙungiya, shafinsa ya zauna ko ya tafi da shi? Adashin da ba a faɗi ranar kwasar kowa ba tun farko, da rigima yake ƙarewa.

Mai sharhi shi ma sai ya sake zama. Babin tarihin marubuci zai koma tarihin ƙungiya da ƙa'idojinta, domin ƙa'idojin su ne suka haifi tsarin labarin. Nazarin salo kuma zai koma kan magama, watau gida na ƙarshe na wannan hannu da gida na farko na wancan, domin a nan ake gane wanda ya karanta abokinsa da wanda ya zo nuna kansa kawai.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa gwaje-gwajen da aka yi a Faransa da Ingila da Amurka sun ba da dabaru masu amfani, musamman sauƙaƙa kamannin jarumi da wajabta wa kowa ya san warwarar abin da ya ƙulla. Mun kuma ga inda suka gaza, watau yawan kwasa da ƙarancin zubi. Tahamisi ya koya mana riƙon amanar na gaba, waƙar fada ta koya mana gindi da jagora, adashi kuma ya ba mu ma'aunin da za a yi wa kowa hisabi. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma sai in tukunya ɗaya suka dosa. Yana da kyau sassan Hausa da na zane a kwalejojin ilimi da jami'o'i, kamar Jami'ar Tarayya ta Gusau, su gwada wannan aiki da ɗalibansu, kashi goma sha biyu a zangon karatu ɗaya, su kuma adana littafin bashin tare da shafukan, don manazarta su sami abin dubawa.